Ga 'yar'uwar da ta ce jinyar Mama kaɗai take iya tunawa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ciwon da ta sha ya zame mata kaffara. Kin ce wata bakwai da rasuwarta bayan doguwar jinyar ciwon sukari, amma da kin rufe ido gadon asibiti da allura kawai kike gani, kina tambaya ko hakan yana wucewa. Yana wucewa. Ni dai sai da aka taimaka min, kuma yaro ne ya yi.

Innarmu ta yi shekara 17 da sukari da hawan jini a Zariya. Da ƙwayar metformin aka fara, daga baya sai allurar insulin safe da yamma. Wuta ba ta zama, don haka a leda take ƙulle kwalbar ta tura gindin randa inda yashi ke da danshi. Tuwon shinkafa ya bar kwanonta, acca da alkama suka shigo, tana ci tana mita wai abincin marasa gata.

Rigimarmu babba azumi ce. Ta rantse ba za ta sha ba, har ranar da ta yanke jiki bayan la'asar, gumi ya jiƙa ta, hannu na rawa. Na'urar gwajin sukari ta nuna 52, alhali ƙasa da 70 ma haɗari ne. Da dabino da ruwan sukari muka dawo da ita. Maganar likita ba ta shige ta ba sai da malamin unguwa ya zo ya karanta mata aya ta 184 a Suratul Baƙara, ya ce wanda ciwonsa ba na warkewa ba ne ya ciyar da miskini a madadin kowace rana. To, sai ta mayar da abin sana'a. Kowane Ramadan ita ke dama kunun tsamiya, ta soya ƙosai, almajirai su yi layi a zaure. Kunun da ko kurɓa ba ta yi, amma ita ke zuba sukarin da hannunta, kuma ba ta taɓa kuskure ba.

Duk wannan sai da ya ɓace min. Shekarar farko bayan rasuwarta ba abin da ke zuwa sai gyambon ɗan yatsan ƙafarta, wanda ƙaya ce kawai ta jawo, da warin maganin wanki, da daren ƙarshe. Har haushin kaina nake ji.

Ranar wata ƙaramar sallah ɗana, lokacin yana shekara 9, ya ce, "Umma, yanzu wa zai riƙa bina kuɗin cefane?" Shi ne maigidanta na wasa, kullum tana tare shi a ƙofar ɗaki wai ya bar ta da yunwa, sannan ta zaro alewa daga ƙarƙashin filo ta ba shi. Ya kwaikwayi muryarta daidai. Na yi dariya har na yi kuka. Ashe shi bai ajiye allura ko ɗaya a kansa ba.

Saboda haka ki tara jikokin ki bar su su yi ta zuba. Ki je wurin aminiyarta ta ƙuruciya, ke da ita ku kaɗai, za ki ji labaran da Mama ba ta taɓa ba ki ba. Saƙonnin muryarta na WhatsApp kuma kar ki goge, ko da ba ki iya saurara yanzu. Ni sai da na shekara biyu kafin na buɗe nawa.

Abu ɗaya kuma, tunda ciwon yana bin jini: ki je a gwada sukarinki da safe kafin ki ci komai. Daga 126 zuwa sama likita zai sa a maimaita gwajin. Na yi ta ja da baya, da na je bara aka samu nawa ya fara hawa. Yanzu kwanon accar Inna nake amfani da shi, kuma ina mitar kamar yadda take yi.