Bakin ƙuda a Hausa da Turanci

Wata ɗaliba ta rubuto tana cewa: "Malam, an ba mu karatu da Turanci a kan yadda ƙuda ke cin abinci. Na gamu da housefly da proboscis da regurgitate, na duba ƙamus, amma har yanzu ban gane ba. Ƙuda ci yake yi ko sha? Kuma me ya sa ake cewa ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu?"

'Yata, kin yi tambaya mai kyau. Housefly kalmomi biyu ne aka haɗa: house gida, fly ƙuda, wato ƙudan da muka saba gani a gida. Mu ba ma buƙatar ƙarin, in an ce ƙuda kowa ya san shi ake nufi, jam'insa ƙudaje. Sai in wani iri ne daban muke raɓa masa wata kalma, kamar ƙudan tsando mai kawo ciwon barci. Ki lura, fly a Turanci suna ne kuma aikatau ne, yana nufin ƙuda, yana kuma nufin tashi sama. Jimla ce za ta nuna miki wanne ake nufi.

Ga wurin da ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Mu muna cewa ƙudan zuma, amma Bature ba ya sa shi cikin ƙudaje, bee yake kiransa. Shi kuma yana kiran malam-buɗe-littafi butterfly, alhali ba Bahaushen da zai kira shi ƙuda. A wajen masana halittu duka biyun ba ƙudaje ba ne, domin fukafukai huɗu gare su, ƙuda na ainihi kuwa biyu ne da shi. Sauro ma ɗan dangin ƙuda ne a wannan lissafi, kuma sunansa na Turanci, mosquito, aro ne daga Sifaniyanci, ma'anarsa ƙaramin ƙuda. Sunan kimiyya na ƙudan gida Musca domestica, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa masa shi a 1758.

Yanzu ga bakin. Ƙudan gida ba shi da abin tauna. Abin da ke gare shi wani ɗan bututu ne da yake naɗewa ƙarƙashin kansa, ya miƙo shi in ya sami abinci, shi ne proboscis. Asalin kalmar Girkanci ce, kuma da ita ake kiran hancin giwa, saboda haka in kin tuna giwa tana miƙa hancinta kin riƙe ma'anar. Ƙarshen bututun nan shimfiɗaɗɗe ne mai laushi, da ƙananan hanyoyi a jikinsa da ruwa ke bi, aikinsa kamar na soso. Shi ya sa za ki ga littafinku ya kawo kalmar sponge, wato soso.

To in ya sauka a kan abu mai tauri, kamar ƙwayar sukari, yaya zai yi? Sai ya zuba mata yawu, wani lokaci har da abin da ya dawo da shi daga cikinsa, ya narkar da ita, sannan ya tsotse. Wannan dawo da abinci baki shi ne regurgitate. Kalmarmu mafi kusa ita ce amayarwa, sai dai ina so ki bambance. Amai a Hausa alamar rashin lafiya ce, Turancinsa vomit. Abin da ƙuda ke yi kuwa lafiyarsa ƙalau, hanyar cinsa ce, ya fi kama da yadda saniya ke dawo da ciyawa baki ta yi tuƙa. In ni zan fassara jimlar, cewa zan yi "yana amayo abin da ke cikinsa a kan abinci don ya narkar da shi".

Amsar tambayarki ke nan: in an bi yadda Hausa ke raba ci da sha, ƙuda ya fi kusa da sha, kuma aikataun da ya dace da shi tsotsa ne. Hausa ba ta da talauci a nan ko kaɗan. Muna da tauna, lasa, tsotsa, kurɓa, zuƙa, haɗiya, kowace da gurbinta. Yana ba ni takaici in ga ɗalibi ya fassara chew da lick da suck duk da "ci", alhali a gida ba zai taɓa cewa jariri na cin nono ba. Wanda ya tsaya ya zaɓi aikataun Hausa daidai, na Turancin ba ya ɓace masa.

Wani abin mamaki, ƙuda da ƙafafunsa yake fara ɗanɗana abu. Da ya sauka ya taka, ya san ko akwai zaƙi, sannan ya miƙo bututun. Murza ƙafafun da kike gani yana yi kuwa share su yake. Waɗannan ƙafafu da wannan amayarwa su ne hanyar da yake kwaso ƙwayoyin cuta daga ƙazanta zuwa abinci, irin na taifot da kwalara da atini.

Karin maganar kuma daga lura ta fito. Ƙuda ba ya barin abu mai zaƙi ko an kore shi, yana dawowa har ya faɗa ciki, fukafukansa su jiƙe, ya kasa tashi. Akan faɗa wa mai son abin hannun mutane, ko mai bin riba ido rufe, a matsayin gargaɗi. Ki kula da "akan mutu": ba a ce "yake mutuwa" ba. An fara da ƙuda, sai aka juya maganar ta hau kan kowa, kamar ana nuna shi ana cewa ga misali. Akwai kuma "ƙuda ba ka haram", ga wanda ba ya tantance abin da zai ci, mai tsabta da marar tsabta duk ɗaya ne gare shi.

Wani malamin makaranta shi ma ya tambaya ko maggot da worm duk tsutsa ne. Malam, a Hausa tsutsa na iya ɗaukar su biyun, Turanci ne ya raba. Maggot tsutsar da za ta zama ƙuda ce kaɗai, irin wadda ake gani a ruɓaɓɓen abu. Worm kuwa ya haɗa tana da tsutsar ciki, waɗanda ba sa rikiɗa su yi fukafukai. Tamatar ƙuda kan saka ƙwai kusan 100 a zubi ɗaya, su ƙyanƙyashe cikin kwana guda, sannan tsutsar ta ci ta ƙoshi ta shiga wani ɗan kwanso mai tauri, a wannan matakin ake kiranta pupa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa cikakken ƙuda kwana 7 zuwa 10 ne. Idan ɗalibanka suka tambaye ka Turancin tsutsar da ke cikin "tsutsar nama ita ma nama ce", maggot ce, domin ƙuda ne ya saka ƙwanta a jikin naman.