Hukuncin kallon ci gaban fim ɗin shafar aljanu da ra'ayoyi suka rabu a kansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne, kuma mu da abokaina muna yawan kallon finafinan ban tsoro a waya. Kwanan nan aka tura mana The Exorcist: Believer, ci gaban wani tsohon fim na Amurka game da yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta. Masu sharhin finafinai sun kushe shi, sun ce ko tsoro ba ya bayarwa, amma 'yan kallo da yawa sun ce ya burge su. Wani abokina ya ce tunda masana sun ce ba ya tsoratarwa, to babu laifi a kallonsa, wani kuma ya ce irin wannan fim yana ƙara imani da samuwar aljanu. Mene ne hukuncin kallonsa, kuma ra'ayin wa ya kamata mu bi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, saɓanin da ka ambata gaskiya ne, amma a kan wani abu daban ake yin sa. Fim na asali ya fito ne a 1973, William Friedkin ya ba da umarninsa, wannan kuwa David Gordon Green ya shirya shi, ya fito a watan Oktoban 2023, bayan kamfanin Universal ya biya kimanin dala miliyan 400 don mallakar damar yin finafinai uku a jere. Yawancin masu sharhi sun ce bai kama ƙafar na farko ba, duk da haka jama'a sun shiga sinima har ya tara fiye da dala miliyan 130 a duniya. To, abin da mai sharhi yake aunawa shi ne kyan tsarin labari, da iya wasan 'yan wasa, da yawan faɗuwar gaban da mai kallo ya samu, shi kuma ɗan kallo yana duba ko kuɗinsa da lokacinsa sun biya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya zauna yana tambayar halal ko haram. Saboda haka kushewar masu sharhi ba ta wanke fim ɗin a shari'a, yabon 'yan kallo kuma ba ya halatta shi, kamar yadda ba a tambayar mai ɗanɗanon abinci ko an yanka dabbar da sunan Allah.

Hukunci yana bin abin da fim ɗin ya ƙunsa ne, don haka sai mu duba shi. Labarin ya ginu a kan 'yan mata biyu da suka shiga daji domin su kira ruhin mahaifiyar ɗayarsu da ta rasu, suka ɓace kwana uku, suka dawo da shafar shaiɗan. Daga nan iyayensu suka tara mabiya ɗarikun Kiristanci daban-daban tare da wata mai maganin gargajiya, kowa ya kawo addu'arsa da surkullensa, aka haɗa su wuri guda a matsayin hanyar tsira. A ƙarshe shaiɗanin ya sa iyaye su zaɓi wadda za ta rayu, ya yaudare su, yarinya ɗaya ta mutu.

Kowanne daga cikin waɗannan ya ci karo da aƙidar Musulmi. Matattu ba sa dawowa don amsa kiran masu rai, domin Allah ya faɗa a Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, cewa idan wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mayar da shi, ba za a mayar ba, kuma a gabansu akwai shamaki har zuwa ranar da za a tashe su. Duk abin da ya amsa wa mai kiran ruhin mamaci, in har wani abu ya amsa, shaiɗani ne maƙaryaci. Game da neman waraka kuwa, Muslim ya ruwaito daga Auf ɗan Malik cewa Annabi (SAW) ya ce wa sahabbansa su bijiro masa da irin tofin da suke yi, babu laifi a rukiyya matuƙar babu shirka a cikinta. Ibn Hajar ya ciro a Fathul Bari cewa malamai sun haɗu a kan halascin rukiyya da sharuɗɗa uku: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, ta kasance da Larabci ko da abin da aka san ma'anarsa, kuma a ƙudurce cewa ba ita ce take tasiri da kanta ba, Allah ne mai warkarwa. Abin da fim ɗin yake koyarwa, wato kowace irin kira ga kowane abin bauta tana aiki muddin an haɗa kai, rushe waɗannan sharuɗɗa ne daga tushe. Abin lura shi ne har a cikin masu sharhin akwai waɗanda wannan haɗin gambizar bai yi musu daɗi ba, sai dai su damuwarsu ita ce ya raunana labarin, mu kuwa damuwarmu ita ce an kawo shirka an sa mata rigar ceto.

Ƙarshen fim ɗin shi ne mafi muni a ganina, domin ya nuna shaiɗan yana yanke wa zai rayu da wa zai mutu. Alƙur'ani ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 76, lallai kaidin shaiɗan mai rauni ne, kuma a Suratu Ibrahim, aya ta 22, shi da bakinsa zai faɗa ranar ƙiyama cewa ba shi da wani iko a kan mutane face ya kira su suka amsa masa. Wanda ya kwashe kusan awa biyu yana kallon akasin wannan, da duhu da kiɗan da aka tsara don ya ratsa zuciya, ba zai tashi yadda ya zauna ba, ko da bakinsa yana cewa ai wasa ne.

A nan ne maganar abokinka na biyu take faɗuwa. Imani da aljanu wajibi ne, akwai sura guda da sunansu, kuma jumhurun Ahlus Sunna sun tabbatar da cewa aljani yana iya shafar mutum, suna kafa hujja da aya ta 275 ta Suratul Baƙara. Amma gaibu ba a ɗaukarsa sai daga wahayi. Allah ya ce a Suratul A'araf, aya ta 27, shaiɗan da rundunarsa suna ganinku ta inda ba ku ganinsu, to daga ina mai shirya fim ya samo kamanninsu da muryarsu da iyakar ƙarfinsu, in ba daga tunaninsa da na masu kwalliyar fuska ba? Abin da irin wannan kallo yake ƙarawa tsoron aljanu ne, kuma tsoron aljanu ba shi ne imani ba. Suratul Jinn, aya ta 6, ta ba da labarin wasu mazaje daga mutane da suke neman tsari da wasu mazaje daga aljanu, sai suka ƙara musu firgici da zunubi. Mu a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan, mun san yadda tsoron iskoki yake kai mutum gidan boka ko wajen 'yan bori a yi masa girka, alhali Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wajen ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Mun kuma ga yadda ake ɗora wa aljanu farfaɗiya da taɓin ƙwaƙwalwa, a bar mara lafiya ba a kai shi asibiti ba.

Bisa wannan, abin da nake gani shi ne bai halatta a kalli wannan fim don nishaɗi ba, saboda ya tara ayyukan shirka da aka nuna a matsayin mafita, da ƙarya a kan gaibu, da kalaman ɓatanci da ake sa wa a bakin wanda aka ce an shafa, kuma Allah ya hana zama a inda ake izgili da ayoyinsa a Suratun Nisa'i, aya ta 140. Malaman Malikiyya sun yi fice da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, kuma wannan yana cikin wuraren da take aiki. Sai dai kada a wuce gona da iri. Wanda ya kalla yana ƙin abin da ke ciki a zuciyarsa bai fita Musulunci ba, ya yi kuskure ne da istigfari yake shafewa. Haka kuma ba na cewa kallon fim da kansa yana sa aljani ya shiga jikin mutum, domin wannan magana ce a kan gaibu da take buƙatar nassi, kuma yaɗa ta wata hanya ce ta ƙara tsoron da muke so a rage.

Akwai sassauci ga mutum mai ilimin aƙida wanda aikinsa ya buƙaci sanin abin da ke ciki, kamar mai tace finafinai ko malamin da zai yi wa matasa bayani, ya duba gwargwadon buƙata. Wannan bai shafi wanda yake son ya gani da idonsa kawai don ya san wa ya fi gaskiya tsakanin masu sharhi da 'yan kallo ba, domin wannan son sani ne, ba lalura ba.

Tura shi ga wasu ya fi kallonsa nauyi, musamman ƙanne da yara, ko yanko wurin da ya fi ban tsoro a aika wa mutum da dare don a yi masa dariya. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma ya faɗi haka ne a kan sahabban da suka ɗauke igiyar ɗan'uwansu yana barci da wasa. Idan a cikinku akwai wanda kallon ya bar masa tsoro, har ba ya iya kwana shi kaɗai ko fita alwala da asuba, to ya goge fim ɗin daga wayarsa, ya lizimci Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira a Bukhari, da Ƙul huwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku yana tofawa a tafukansa yana shafa jikinsa, a riƙa karanta Suratul Baƙara a gidan. In firgicin ya daɗe har ya hana shi barci ko karatu, ya haɗa da ganin likita, domin neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Allah ne Mafi sani.