Ba ke kaɗai likita ya sallama babu bayani ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kin kai yaronki asibiti da zazzaɓi da gudawa, likita ya rubuta magani ko kai bai ɗago ba, alhali matar da ta riga ki shiga, mai jin Turanci, har zane ya yi mata a takarda. Kina tambaya ko ke ce ba ki iya magana ba. Wallahi ba idonki ba ne, ana yi. Shekara tara ke nan ina zaryar asibitin yara, domin 'yata ta biyu sikila ce, SS.

Ranar da sakamakon gwajinta ya fito, wani likita ɗan bautar ƙasa muka tarar, mutumin Kudu, mai fara'a kuwa, amma ko "sannu" da ƙyar. Aka kira wata mai share ɗakin ta yi mana tafinta. Bawan Allah ya yi bayani ya fi minti uku, har da nuni da hannu. Ta juyo ta ce min, "Ya ce ki dinga ba ta ruwa da yawa, kada ki bari sanyi ya kama ta." Shi ke nan. Da wannan na koma gida. Bayan wata huɗu jikinta ya yi zafi, na yi kwana biyu ina ɗura mata farasitamol kamar yadda nake wa yayanta. Da muka isa asibiti sai da aka yi mata ƙarin jini, wata nas kuma ta wanke ni tas a gaban mutane, wai me na zauna jira. Na yi shiru, kuka ya ci ƙarfina.

Sai daga baya wata likita da ke jin Hausa ta zaunar da ni. Ta ce saifar mai sikila tana raunana tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke taya jiki yaƙi da ƙwayoyin cuta, don haka zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, a ranar ake zuwa asibiti, ko da tsakar dare ne. Ta kama hannuna ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarin yarinyar na hagu, ta nuna min inda saifa ke kumbura, ta buɗe fatar idonta ta ƙasa ta nuna min yadda ake gane jini ya yi ƙasa. Na tabbata likitan farko ya faɗi duk wannan. A bakin tafinta ya zube.

To amma ba harshe ne kaɗai ba. Na sha gani, likita Bahaushe, uwar yaro Bahaushiya, amma da ya ga hijabin ya koɗe, takalmin roba ne, sai ya yanke cewa bayani ba zai shiga ba. Mai riƙe da makullin mota kuwa har "akwai wata tambaya, Hajiya?" ake mata. Layi dai yana da tsawo, likita ɗaya yara har bakin ƙofa, na yi musu wannan uzurin. Sai dai 'yan mintocin da ake da su ma ba a raba su daidai.

Mu ma da namu. Uwa ce ta kwana tana canza ƙunzugu, amma uban yaro ne zai shige gaba yana amsa tambaya, a ce sau nawa ya yi bayan gida ya ce "da ɗan dama". In ɗan fari ne, alkunya ta hana uwar buɗe baki, kaka ta karɓe zancen ta ce ai haƙori ne. Ga ɓoye jiƙon da aka ba yaro ko allurar da aka yi masa a kemis, don tsoron faɗa. Ni ma na ɓoye, ban ji daɗinsa ba. Yanzu kwalbar nake sawa a jaka in dire wa likita a kan tebur, ya yi faɗansa ya gama, ya dai san me ke cikin yarinyar. Kalmominmu ma suna da faɗi. Kika ce "shawara" ko "sanyi", abu goma yana iya shiga ciki. Faɗi abin da idonki ya gani: ido ya yi ɗorawa, ya yi amai sau huɗu, rabonsa da fitsari tun asuba.

Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce maimaitawa. Kafin in tashi sai in ce, "Likita, bari in faɗa ka ji ko na gane." Da wuya ya ƙi saurara, kuma a nan kuskure ke fitowa. A haka na gano "sau uku a rana" a wurinsu duk bayan awa takwas ne, ba kalaci da abincin rana da tuwon dare ba. A haka na gano cokalinsu mil 5 ne, na cin abinci kuwa yana iya kai 15. Ki roƙi sirinji a wurin karɓar magani, su ja miki layi da biro a kan adadin.

Game da yaronki, ki duba ko sun haɗa da ruwan gishiri da sukari na leda da kuma maganin zinc. Ledar da aka rubuta lita ɗaya a jikinta, a ruwan fiya-wata leda biyu ake haɗa ta, abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Shi zinc ana ci gaba da shi kwana 10 zuwa 14 ko gudawar ta tsaya. In an ba shi maganin maleriya irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana uku, a cinye duka. In kuwa ya ƙi nono ko ruwa, idonsa ya faɗa, ko ya yi jijjiga, ki ɗauki katinsa ki koma yau, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Allah ya ba shi lafiya.