Jitata tana gunji, makirfo kuma ya ja ni a leɓe

Tambaya: Malam, makaɗin jita ne ni a Agadas. Na sauya pikof uku (maganaɗisu mai naɗin waya da ke ɗaukar sautin tsirkiya) na jitata ƙirar Stratocaster da hannuna a gida. Tun ranar take gunji, sai na dafa tsirkiya ta yi shiru. Ran Asabar a wurin biki leɓena ya taɓa makirfo, wuta ta ja ni har na ga taurari. Wani mai gyaran rediyo ya ce in yanke baƙar wayar da ke zuwa ramin kebul na jitar. In yanke?

Amsa: Kada ka yanke, ɗan'uwa. Matsala biyu ka haɗa, ɗaya ta kunne ce, ɗaya ta rai.

Ta kunnen mai sauƙi ce. Gunjin da ke raguwa idan ka dafa tsirkiya shaida ce cewa wannan baƙar wayar tana aikinta. Da ƙaruwa yake yi, da na ce ka juya wayoyi biyun ramin kebul. Pikof mai naɗi ɗaya dama halinsa ke nan, yana kwasar ƙugin wutar gari, shi ya sa kamfanin Gibson ya fara sa mai naɗi biyu a jitarsa Les Paul a 1957. In gunjin ya wuce na da, duba dalmar da ka ɗiga a bayan maɓallin bolum. Wadda ta dunƙule ta yi dishi-dishi ba ta kama ba. Kankare wurin, ka sake da ƙarfen dalma mai wat 40, sannan ka gwada da mitar awon lantarki ka ga ko akwai haɗi daga tsirkiya zuwa bakin ramin kebul.

Yanzu ga abin da ke ɓata mini rai. Kusan kullum sai an kawo mini jita an ce "tana shokin". Jita irin taka ba ta da wutar da za ta ja ko ƙuda. Abin da pikof ke fitarwa da ƙyar yake kai bolt 1. Wutar da ta ja ka bolt 220 ce ta janareta, ta ɓalle a cikin amfilifaya (na'urar ƙara sauti) ko na'urar haɗa sauti, ta rasa hanyar shiga ƙasa, sai ta bi ta jikinka: hannu a tsirkiya, leɓe a makirfo, zuciya a tsakani. Me ya hana ta hanya? An karye ƙafar filogi ta uku, wato ta wayar ƙasa, don ya shiga soket, ko an tsira tsirarar waya biyu an danne da tsinken ashana, janaretan kuma yana zaune a kan yashi babu ƙarfen da aka kafa masa a ƙasa.

Mai gyaran naka zai yanke waya, gunji ya ninka, kai kuma ka saki jiki. Alhali bakin kebul da farantin ramin duk ƙarfe ne, suna nan haɗe da amfilifayar. Wasu safa suke sa wa makirfo, wasu su ce silifas ɗin roba ya isa. Silifas me zai tare, tunda wutar daga hannu zuwa baki take bi? Wani har ce mini ya yi jikinsa ya saba. Les Harvey ƙwararren makaɗi ne, a gaban 'yan kallo wuta ta kashe shi a Suwansi ta Birtaniya a 1972, ya taɓa makirfo marar wayar ƙasa. Keith Relf a gidansa na Landan wuta ta kashe shi a 1976 yana kaɗa jita.

Kafin bikin gaba, a mayar da filogi mai wayar ƙasa, amfilifaya da na'urar sauti su sha daga layi ɗaya, mai aikin lantarki ya kafa wa janareta ƙarfe, ya sa abin katse wuta mai miliamfiya 30. Sai ka juya mita zuwa awon wutar gida, bakin wayarta ɗaya a tsirkiya, ɗaya a kan makirfo. In ta nuna bolt masu yawa, ajiye jitar ko da ango zai yi fushi.

Cikin amfilifaya kuwa ba naka ba ne, musamman mai kwalaben lantarki na gilashi: kafasitocinta, masu ajiye wuta, na iya riƙe sama da bolt 400 bayan an zare filogi.