Ɗiyata, game da lefen da kika tambaya

Ɗiyata, saƙonki ya iso, jikana ya kunna mini shi a waya na ji muryarki sarai. Kina tambaya wai akwati nawa ya dace mai bi ta karɓa na lefe, kuma ko zunubi ne ki so naki ya kai na ƙawayenki na Yamai, tunda yaron malamin makaranta ne, danginsa sun ce abin da ya sawwaƙa za su kawo. Na yi dariya, don ban taɓa jin wanda ya nemi lissafin akwati a Littafi Mai Tsarki ba. Amma dariyar ta tsaya da na ji kin ce uwarki tana maganar jinginar da gonar Tsibiri don kayan ɗaki.

Ba zan ce miki kaya banza ba ne. Ni ma da guɗa aka kai ni, mata a jere da kan ƙwarya, ga gadon ƙarfe, ga kwanoni da tasoshi da aka jera mini har kusa da rufin ɗaki. Shekara da shekaru kakarki tana matsar man gyaɗa tana tuyar ƙuli-ƙuli kafin ta tara su. Rabin danginmu Musulmi ne, kin sani, kuma idonsu yana kanmu. Takan ce, "Ba za a ce don mun bi Almasihu ɗiyanmu sun zama marasa gata ba." Gaskiyarta. Yesu da kansa ya je biki a Kana, da abin sha ya ƙare bai yi wa masu gida faɗa ba, asirinsu ya rufa.

Kwanonin nan kuwa ba ki taɓa ganinsu ba, kuma ga dalili. Daminar 1984 ruwa ya ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. A watan Afrilu na wannan shekarar kuma Najeriya ta rufe iyaka, mu da cinmu da cinikinmu suke bin hanyar Dan Isa da Jibiya zuwa Katsina. Shi ya sa har yau tsofaffi suke kiran yunwar nan El Buhari, da sunan shugaban Najeriya na lokacin. Fulani da Bugaje suka gangaro daga wajen Dakoro bayan dabbobinsu sun mutu, suka zauna a bakin gari. Anza, ɗiyan wani itacen daji, muke jiƙawa, a zubar da ruwa a sake, har ɗacin ya ragu. Masu sa'a suka shiga aikin mishan na sassaben zamani, inda ake ba mutum hatsi in ya yarda ya bar tohon itace a gonarsa. Na kwashe jerena na kai kasuwa ranar Litinin, sai na tarar kowace mace da nata a gabanta. Dillaliya ko kai ba ta ɗaga ba. Abin da uwata ta yi shekaru tana tarawa, a ƙullin zane ɗaya na dawo da geronsa.

To, a bazarar da ta biyo, lokacin da abin ya fi tsanani, aka yi wani aure a Danja, kusa da Maraɗi, da har in mutu ba zan manta ba. Amaryar ɗiyar wata tsohuwa ce da ta yi jinya a asibitin kutare na mishan, ta warke, amma ƙauyensu ba su karɓe ta ba, sai ta zauna nan. Tsohuwar ba ta da yatsu, da tafin hannu biyu take riƙe ludayi. Angon lebura ne, mai kwaɓa wa magina ƙasa. Danginsa suka ce ba za su haɗa jini da gidan kuturu ba, mutum ɗaya bai zo ba sai ƙanwar uwarsa, ita ma a ɓoye. Lefen duka turmin atamfa ɗaya ne da takalmin roba.

Mu 'yan zumuntar mata muka ce ba za a kai yarinya ɗaki a bushe ba. Kowa ta kawo abin da ta samu: wata rabin tiyar jar dawa ta agaji, wata kuka, wata ɗan gishiri da daddawa a leda. Wata ta cire tabarmar da take kwana a kai. Da ƙafa muka tafi, rana tana dukanmu. Fasto ya ɗaura aure, muka yi waƙa da tulu da caki, kuma ɗiyata, ban san inda muka samo muryar ba, cikin kowa babu komai. Tsohuwar tana zaune a gaba tana tafi da dungulmin hannunta, hawaye yana zuba.

Da aka sauke tuwo sai muka ga yaran Bugaje sun tsaya a jikin darni. Ba su roƙa ba, ido kawai suka zuba. Mai rabo ta tsaya da mara a hannu, don ta san tukunyar ba za ta ishe mu ba balle baƙi. Ana cikin kallon-kallo angon ya miƙe, ya ɗauki akushin da aka ajiye musu shi da abokinsa, ya kai wa yaran, ya tsuguna yana gutsura wa ƙaramin cikinsu. Bai ce komai ba. Daga nan kowa ya rage nasa. Ango ranar aurensa farau-farau ya sha ya kwanta. Wani dattijon ikkilisiya da ke kusa da marigayi maigidana ya ce, "Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Yarinyar nan ta yi miji." Suna nan da ransu su biyun, da jikoki, kuma tsohuwar a ɗakinsa ta cika, shi ya yi ta ɗawainiyarta.

Duk lokacin da aka karanta Matiyu sura 6, inda Ubangiji ya ce kada mu tara dukiya inda asu da tsatsa suke ci, inda dukiyar mutum take nan zuciyarsa take, kasuwar nan da auren nan nake gani. Ubana, wanda ya koyi karatu a wurin mishan na Tsibiri, yakan ce mana kayan aro ba ya rufe katara. Bai yarda a ci bashi don biki ba, ko na suna ko na aure. Gona kuwa, a wurinsa, ta waɗanda ba a haifa ba ce.

Abin da yake damuna da ku na yanzu, ba son kyau ba ne, mu ma mun so. Amma anko kala-kala a biki ɗaya, a ɗauki hoto a sa a Facebook, wata uku ana ɓuyar wa mai bashi. Na san yarinyar da ta daina zuwa sujada don ba ta da sabon ɗinki. Har a zumunta yanzu wasu zanen juna suke dubawa kafin su gaisa. Saƙon naki mai tsawo ne, ɗiyata, na ji atamfa, na ji leshi, na ji kujeru, amma ban ji yadda yaron yake yi wa uwarsa magana ba, ban ji ko yana addu'a in ba kowa a wurin, ko me yake yi da albashinsa in wata ya yi nisa.

Ki karɓi abin da suka kawo da hannu biyu, mu kuma za mu yi miki namu daidai ƙarfinmu, ba za ki shiga ɗaki kamar marainiya ba. Ina da adashin da zan kwasa bayan girbi. Ki zo da yaron hutun Kirsimati ya gaishe ni, ina so mu ci abinci tare in gan shi da idona. Uwarki kuma ki ce mata kada ta taɓa gonar nan, zan biyo ta gida ranar Lahadi bayan an tashi daga majami'a. Ki gai da mutanen gidan da kike zaune. Ubangiji ya kiyaye ki.

Gwaggonki.