Ku Tambaya: Mu 22 Za Mu Hau Dutse A Oktoba, Ya Za Mu Yi?

Salam Anti, ni ɗalibi ne a New York, mun haɗa ƙungiya mu 22 za mu je duwatsun Adirondack lokacin kaka mu hau dutsen Marcy mu ga ganyen da ke rikiɗa ja da rawaya, wani ya ce ba za a bar mu ba, wai kuma ana aikin sa kai a can. Gaskiya ne?

Wa alaikassalam ɗana. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, a yankin High Peaks, inda dutsen Marcy yake, ƙungiyar yini ba ta wuce mutum 15, in kwana za ku yi to 8 ne kacal, sai ku rabu biyu in yini ne, uku in kwana ne, kowa ya kama tasa hanyar. Marcy kuwa ba wasa ba ne, mita 1,629, shi ne mafi tsawo a jihar, kuma a Oktoba ƙasa na iya zama da ɗumi amma can sama ƙanƙara ta sauka, ga rana na saurin faɗuwa, don haka tocila da rigar sanyi dole, ba wai ku tafi da silifas ba!

Batun sa kai, tun 1989 akwai masu tsaron ƙololuwar, wasunsu 'yan sa kai ne, suna tsayawa can sama suna roƙon mutane su taka dutse kawai kar su tattake 'yan ƙananan tsirran wurin, don su kan ɗauki shekaru kafin su farfaɗo. Ku saurare su, ku kwaso sharar ku har ɓawon ayaba ku sauko da ita.