Tambayoyin Masu Karatu: Foklif ɗin Japan, na Jamus ko na Sin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ina riƙe da sito ne na riɗi da waken suya a wajen Dawanau, kuma gaskiya kuɗin 'yan dako ya fara yi mana yawa ga ɓata lokaci wajen loda kwantena, shi ne maigidana ya ce in bincika foklif, wato motar ɗaga kaya, mai ɗaukar tan 2.5 ko 3. Dillali ɗaya ya nuna min Toyota ta hannu, wani ya ce Linde ta Jamus ta fi kowacce, wani kuma ya ce in bar wahala in ɗau sabuwar Heli ta Sin. Ni dai duk iri ɗaya nake ganinsu sai dai fenti. Don Allah mene ne bambancinsu? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Daga nesa kam iri ɗaya ne, cokula biyu a gaba, dunƙulen ƙarfe mai nauyi a baya don kar ta kifa, sitiyari kuma tayoyin baya yake juyawa. Amma kowace ƙasa ta ƙera tata ne tana kallon irin daɓen sitonta da irin ma'aikatanta, to a nan ne bambancin yake.

Bari in fara da Jamusawa tunda su aka fi zuga maka. Linde tun wajen 1960 suka kama hanyar da ba ruwanta da giya irin ta mota, injin yana juya famfo ne, famfon ya tura mai da ƙarfi zuwa tayoyi. Idan ka hau za ka ga feda biyu, ta dama gaba ta hagu baya, ka ɗaga ƙafa motar ta tsaya da kanta ba sai ka nemi birki ba. Ba kuloci balle ya ƙone, kuma direban da ya saba da ita zai iya matsawa da kaya kamar faɗin yatsa, abin gwanin sha'awa wallahi. An yi ta ne don kamfanin da ake aiki dare da rana kuma albashin direba ya fi komai tsada, shi ya sa suka kashe kuɗi a kan kujera da sauƙin hannu. To amma wannan famfon ba ya son datti ko kaɗan, man haidurolik mai ƙura ko filta na jabu zai cinye shi, kuma in ya lalace ba kowane bakanike ne zai iya buɗe shi ba, kuɗin gyaran ma sai ya sa ka zufa. Sabbin kuma sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu.

Japanawa su tunaninsu daban, abin da suka sa a gaba shi ne mota ta yi ta aiki shekara da shekaru kuma gyaranta ya zo da sauƙi. Toyota ta fara foklif a 1956 kuma yau ita ce kan gaba a duniya. Tafiyarta irin ta mota otomatik ce, totur da birki da wata feda ta uku a hagu da ake takawa a matsa a hankali lokacin da ake ɗaga kaya, duk wanda ya iya mota cikin kwana kaɗan zai gane ta. Wadda ke shan fetur ko gas ɗin silinda da yawa injin 4Y ne a cikinta, dangin wanda ke cikin tsofaffin Hiace da Hilux, ka ga kenan makanikanmu ba baƙonsu ba ne. A ƙarshen shekarun 1990 suka ƙara wani tsari da suke kira SAS, idan direba ya sha kwana da gudu sai ya kulle lilon gatarin baya don kar motar ta faɗi gefe, kuma yana rage yadda kaya za su sunkuya gaba idan an ɗaga su sama sosai. In za ka sayi ta hannu ka tabbatar wannan yana aiki, don akwai masu cire wayarsa idan fitilar gargaɗinsa ta dame su.

Na Sin irin su Heli da Hangcha, a zubi sun fi kama da na Japan, ba su wahalar da kansu wajen ƙirƙiro sabuwar hanya ba a masu dizal, sun sauƙaƙa ne sun rage farashi. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wane inji ne a ciki, don mota ɗaya ana iya sa mata injin Xinchai na gida ko kuma Isuzu C240 ko Mitsubishi S4S na Japan, kuma farashin ba ɗaya ba. Ni ban yarda da masu cewa duk kayan Sin banza ne ba, Heli tun 1958 take. Inda na fi ganin rauninsu shi ne ƙananan abubuwa, robobin mai da tiyo da wayoyi, sukan fara yoyo da wuri.

Akwai kuma na Amurka, Hyster da Yale da Crown da Clark, ko da dillalanka ba su ambata ba za ka iya cin karo da su. Ka kula da abu biyu. Da yawansu ƙananan tayoyin roba ne daskararru marasa iska, an yi su don daɓen siminti mai santsi, in ka shigar da ita filin da ke da yashi ko rami a nan za ta zauna. Na biyu lissafinsu da fam ne, in ka ga 5000 a jiki kusan tan 2.3 kenan.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe. Kusa da kujerar direba akwai ɗan farantin ƙarfe da aka buga lambobi, ka goge ƙurar ka karanta. Tan 2.5 ɗin nan da ake faɗa, sharaɗinsa tsakiyar nauyin kayan ya kasance santimita 50 daga gindin cokali, na Amurka kuma inci 24. Buhu 50 masu kilo 50 tan 2.5 ne daidai, amma idan an jera su sun yi tsawo zuwa bakin cokali, ko an ɗaga su can ƙoli, motar ba za ta iya da su ba, sai ka ga tayoyin baya sun tashi. Don Allah kar ka bari yara su hau bayanta wai don su ƙara mata nauyi, rayuka sun salwanta ta haka. Shi ya sa zan ce ka ɗau mai tan 3. Tunda kuma kwantena za ka loda, ƙofarta ba ta wuce mita 2.3 a tsayi in ba doguwar ba ce, dole ka nemi mai turaku hawa uku, wato ƙarafan tsaye na gaba da cokali ke hawa a kansu, wadda cokalinta ke tashi ba tare da turakun sun miƙe sun daki rufi ba.

Da ni ne, a ƙurar Dawanau da ƙaiƙayin riɗi, Toyota mai dizal mai tayar iska zan nema in dai bakanike ya duba ta da kyau, in ba a samu mai lafiya ba sai sabuwar ta Sin mai injin Isuzu daga dilan da ke da kayan gyara a ƙasa. Kuma kowacce ka saya a riƙa hure lagireto da filtar iska kullum da yamma, musamman da hunturu.

Tambaya: Malam ina da siton kayan abinci rufaffe a Kaduna, mai batir za ta yi min kuwa da wannan wutar tamu? Daga wata Hajiya.

Amsa: Hajiya a rufaffen wuri mai abinci ita ce ma ta dace, hayaƙin inji yana cutar da ma'aikata kuma yana kama kaya. Turawa irin su Jungheinrich na Hamburg da STILL sun daɗe a wannan fannin, sai dai tsofaffin nasu batirin ruwa ne, cajinsa kusan awa 8 kuma sai ana ƙara masa ruwan batir. 'Yan Sin irin su BYD sun zo da na litiyam wanda za a iya jona shi lokacin sallah ko cin abinci a ci gaba da aiki, wannan ya fi dacewa da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Kafin ki biya ki tambaya ko cajar tana buƙatar wuta mai layi uku, sannan in ta hannu ce a gwada batirin a gabanki da kaya a kai, don shi ne abu mafi tsada a jikin motar.